Hajja Fatna da Daffayar Ranar Asabar

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan'uwa. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ku gyara zama, don wannan ba irin wadda ake yi wa yara su yi barci ba ce. Mai labarin tana nan da ranta a unguwar Faisal ta Alƙahira, kuma da za ta ji ana kiran sunanta a bainar jama'a, da ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce don Allah a bari. To ba za mu bari ba. Ta ajiye aiki a sanyin da ya wuce, ba wanda ya tara mutane ya ce mata sannu, shi ya sa muka taru.

Hajja Fatna Bukari ake ce mata. 'Yar Mai Wurno ce, can bakin kogi a Sudan, jikar mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, hanya ta zaunar da su. Ta shigo Alƙahira bayan rasuwar mijinta, da 'yarta Shahd a goye. Shekara ashirin da 'yan kai, in ta sallame asuba sai ta yafa tob ɗinta, lafayar nan ta matan Sudan, ta fita bakin titi ta kama mikrobas, ta sauka ta shiga metro, ta ɓulla Abbasiya rana tana fitowa. Akwai wani tsohon bene a bayan layin masu sayar da dafaffen waken ful, asansir ɗinsa, wato na'urar hawa sama, ya mutu tun kafin ta san gidan. Ta gaida Amm Husam, bawwabin gidan, wato mai tsaron ƙofa, ta dafa ƙarfe ta hau har can sama. Nan Sitt Alegra take.

Sitt Alegra Bayahudiya ce, kuma 'yar Masar gaba da baya. A cikin wannan gidan aka haife ta. Lokacin da danginta suka watse, wannan ya yi Faransa, wancan ya yi wani wuri, ita ta tsaya jinyar uwarta da ta ce ba inda za ta. Uwar ta rasu, ita kuma ta duba ta ga ba ta san ko'ina ba sai Abbasiya. Ba ta yi aure ba. Abin da ya rage mata a duniya ɗan ƙanenta ne da ke Faransa, mai kiran waya yana tambaya ko ta sha magani.

Fatna ce ke mata wanka, ta taje mata ɗan farin gashin da ya rage, ta dafa, ta share, ta shafa mata man zafi a baya. Idan azahar ta yi ta shimfiɗa dardumarta a falo, tsohuwar da kanta take rage rediyo. Da azumi kuwa Sitt Alegra a kicin take cin abincinta, ta juya baya. Matan Faisal sun sha tambayar Fatna yadda take iya wanke jikin Bayahudiya, ita kuma takan ce jikin tsohuwa ne, ruwan ɗumi yake so kamar na kowa. Daga nan sai ta sako wata hirar.

Amma ba don wannan ne muke jinjina mata ba. Don Asabar ne.

Ga yadda abin yake. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, Sitt Alegra ba ta taɓa wuta. Ba ta ƙyasta ashana, ba ta danna makunnin fitila, ba ta kunna daffaya, wato abin ɗumama ɗakin nan na lantarki mai jajayen sanduna. Haka ta taras uwarta tana yi. Kuma ba ta ce wa wani kunna min, don a wurinta wanda ya yi aike kamar shi ya aikata. Iyakarta ta faɗi halin da take ciki. Sannan abin da ya fi wuya, idan an kunna dominta ita kaɗai, ba za ta amfana da shi ba. Sai in mai kunnawar ya kunna don kansa, ya zauna ya ji ɗumin, ita kuma ta raɓa.

Ba wanda ya karanta wa Fatna wannan. Asabar ranar hutunta ce, amma a sanyinta na farko a gidan ta leƙo don ta manta wani abu. Ta tarar da matar a nannaɗe cikin bargo, tana kallon bango. Matar ta ce yau akwai sanyi. Fatna ta amsa cewa lallai akwai. Matar ta sake cewa akwai sanyi. To ita Fatna ta tashi a gidan da suruka ba ta roƙon ruwa, sai dai ta ce yau rana ta yi zafi, ke kuma ki tashi ki nufi randa. Ba ta jira na uku ba, ta miƙa hannu ta kunna. Har ta kai ƙofa, tsohuwar ta ce, ke ba kya jin sanyin ne? Fatna ta dawo ta zauna, ta miƙa tafin hannunta ga wutar. Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da sanyi ya shigo, tana wannan kujerar, da shayi a filas wanda ta haɗa tun ranar Juma'a.

Ke ce, Hajja Fatna, wadda ta ji maganar da ba a faɗa ba. Ba a makaranta kika koya ba, a tsakar gidanku kika koya, kika ɗauko shi har Abbasiya ya yi wa baƙuwar addini amfani.

Sai yaƙin Gaza ya ɓarke. Kun dai gani da idonku a wayoyinku, ba sai an maimaita ba. Bayan wasu watanni aka kama hayar gidan da ke kallon ƙofar Sitt Alegra. Wata matashiya ce mai suna Hadeel, 'yar Khan Yunis, da mijinta Ubaida wanda aka yanke wa ƙafa aka fito da shi neman magani. Ɗaukarsa aka yi a kan kujera har sama, don nan ne kawai suka samu. Mahaifiyar Hadeel kuwa gini ya rufta mata, kuma har suka fito ba a tono ta ba.

Fatna ba ta jira an gabatar da ita ba. Rana ta biyu ta buga musu ƙofa da kwanon tuwon asida da miyar kuɓewa. Ita ta nuna wa Hadeel inda ake sayen burodi mai sauƙi, da wace mota ke zuwa asibiti, ita ta samo wa Ubaida sandunan dogarawa a wurin wani Basudane. Hadeel ta fara ce mata Khalti, wato gwaggo ta wajen uwa. Sau da yawa Fatna kan fito daga wancan gida da hannu jiƙe da ruwan wanka, ta shiga wannan ta zauna a ƙasa kusa da Hadeel, su duba sunayen da aka turo na waɗanda suka rasu, su yi kuka tare.

Da Hadeel ta ji ko wace ce a ɗaya ƙofar, sai ta daina barin ƙofarta a buɗe. Sitt Alegra ma da ta ji ko su wane ne, ta sa aka lulluɓe talabijin da zane, ta rage magana. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofofin biyu, amma Fatna kaɗai ke ratsa shi. Ba ta kai maganar nan can, ba ta kawo ta can nan.

Ana haka gwiwoyin Fatna suka ƙi. Likita ya duba ya ce khalas, shi ke nan, ita da matakala sun rabu, in ba so take ta ƙare a kwance ba. Shahd ta ce dama ta sha faɗa. Aka samo wata mata da za ta riƙa zuwa a ranakun mako, mai kirki ce, amma Juma'a da Asabar tana ƙauye wurin 'ya'yanta. Ɗan ƙanen nan na Faransa kuwa bai manta wani sanyi da Fatna ta kwanta zazzaɓi ba, tsohuwar ta wuni a daskare ba ta kira kowa ba, aka ƙare a asibiti da ciwon haƙarƙari. Ya faɗa a fili cewa in ba a sami mai zama da ita ranar Asabar ba, zai sa a kai ta gidan tsofaffi kafin sanyi ya kankama. Sitt Alegra da ta ji, ta ce wa Fatna in an fitar da ita daga gidan nan, a haɗa da likkafaninta a jaka.

Fatna ta duba sama ta duba ƙasa. Amm Husam ba zai bar ƙofa ya zauna da mace ba. Sauran 'yan haya ɗalibai ne maza. Mutum ɗaya ce ta rage, kuma ita ce wadda bai kamata a tambaya ba.

To a nan Hajja ta yi irin namu. Maimakon ta faɗa wa Hadeel dalla-dalla, sai ta zauna tana murza gwiwa ranar Alhamis, tana cewa ita kam wannan ne hawanta na ƙarshe, ga jibi Asabar, ga tsohuwa ita kaɗai, ga ƙofarta ba a kullewa. Ta ɗauka duk wanda ya ji wannan ya ji sauran. Hadeel ta ji rabi. Ta gane ana so ta leƙa, kuma don darajar Khalti ta danne zuciyarta ta leƙa.

Ta tarar da tsohuwa cikin bargo tana kallon bango. Tsohuwar ta ce yau akwai sanyi. Hadeel ta tsaya tana jiran a dube ta, a ce don Allah. Aka sake cewa akwai sanyi, ba a ɗago ido ba. Jinin Hadeel ya tafasa. Ta danna daffayar da ƙarfi har ta kusa kifewa, ta juya. Tsohuwar ta ce ba za ta zauna ba? Ba na gode, ba sannu. Hadeel ta buga ƙofa ta fita. Ita kuwa Sitt Alegra, da yake an kunna ne dominta kaɗai, sai ta ja ƙarfen tafiyarta ta koma ɗakin kwana mai sanyi, ta bar wutar tana ɗumama falo babu kowa. Da la'asar Amm Husam ya hau kai burodi ya gani, kuma shi ba ya ganin abu ya yi shiru. Kafin magariba labari ya isa kunnen Hadeel cewa Bayahudiya ta gwammace ta daskare da ta ji ɗumin wutar da hannun Bafalasɗiniya ya kunna.

Ranar Lahadi da hantsi Amm Husam ya ga mikrobas ya sauke Hajja Fatna da sanda. Ya ce mata ai likita ya hana. Ta ce likitan ba ya nan. Shi ya ba da labarin yadda ta hau benen, a zaune, da baya da baya, tana ɗaga jikinta da hannu daga wannan matakala zuwa waccan, tob ɗinta yana share ƙura, tana hutawa tana salati. Ya ce zai ɗauke ta, ta ce ya je ya ɗauki bakinsa tukuna, shi ne ya fi nauyi.

Gidan Hadeel ta fara shiga. Hadeel ba ta ko kawo mata ruwa ba.

"Khalti, baiwa kika mayar da ni? Ko kallona ba ta yi ba."

Fatna ta ce ma'alish, a yi haƙuri, ita ce ba ta yi bayani ba, sannan ta warware mata al'adar tun daga tushe. Ta ce rashin kallon ma na ciki, don ko da ido matar ba ta son ya zama ta yi aike. Kuma da ta ce a zauna, iyakar roƙon da bakinta zai iya ke nan a ranar.

Hadeel ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ina ruwana da Asabar ɗinta? Ranar da aka rusa gida a kan uwata, ba wanda ya ce yau ba a taɓa wuta."

Fatna ta ce ita ba ta zo neman a yafe wa kowa ba, wanda ya rusa gidan zai tsaya gaban Allah, kuma kukan Hadeel gaskiya ne. Abin da ta sani kawai, wannan tsohuwar ba ta taɓa taka ƙasar can da ake yaƙin ba, kuma ranar Asabar mai zuwa ko dai a sami mai zama ko a fitar da ita daga ɗakin da aka yanke mata cibiya. Ta ce Hadeel ta fi kowa a benen nan sanin abin da hakan ke nufi.

Hadeel ta share fuska ta ce, "Wata nawa muna nan. Ta san abin da ya same ni, bangon nan ba ya ɓoye kuka. Ko sau ɗaya ba ta ce min Allah ya ji ƙanta ba."

Nan Fatna ta gane ba a wannan ƙofar kaɗai gyaran yake ba. Ta dogara sanda ta tsallaka. Shekara ashirin tana kawaici da matar nan, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar ta tsaya a kanta ta ce ba ta kyauta ba. Maƙwabciyarta ta yi rashin uwa, ita kuma ta rufe ƙofa ta yi zamanta. Sitt Alegra ta ce tsoro take ji. Idan ta buga ƙofar, yarinyar ba tsohuwa za ta gani ba, waɗanda suka kashe uwarta za ta gani.

"Da wane bakin zan gaishe ta, ya Fatna?"

"Da wanda kike cewa akwai sanyi da shi. Yau Lahadi ce, ba abin da ya ɗaure miki harshe. Ita ta'aziyya ba a yin ta ana kallon bango."

Tsohuwar ta daɗe tana jujjuya gefen bargonta. Sannan ta ce a miƙo mata baƙin gyalenta. Ta fi shekara ba ta ƙetare bakin ƙofarta ba. Fatna ba ta riƙe ta ba, ta dai bi bayanta, tsofaffi biyu, ɗaya da ƙarfe ɗaya da sanda. Sitt Alegra ce ta buga da hannunta.

Hadeel ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce a shigo ba. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dube ta cikin ido, ta yi mata gaisuwar rashi yadda Misirawa ke yi. Ta ce ta makara, kuma ba ta da hujja. Sannan ta tambayi sunan marigayiyar. Hadeel ta ce Eman. Tsohuwar ta maimaita sunan a hankali, ta ce wace irin mace ce. Ubaida ne daga ciki ya turo kujera da sandarsa har bakin ƙofa, ya ce a bar Sitt Alegra ta zauna, ƙafa ɗaya gare shi amma ya san ciwon tsayuwa. A nan bakin ƙofar, rabi ciki rabi waje, Hadeel ta faɗi cewa uwarta malamar firamare ce, mai faɗa, mai yawan zuba barkono a abinci, kuma ba ta iya barci in ba ta ƙirga 'ya'yanta ba. Fatna tana zaune a kan matakala, ba ta sa baki ba ko sau ɗaya.

Ba a yi alkawarin komai ba a ranar. Fatna ta sauka yadda ta hau, ta kwana uku ba ta iya taka ƙasa, Shahd tana mata faɗa tana gasa mata gwiwa. Asabar ta zo, tana Faisal da waya a cinya, ta kasa karyawa. Da hantsi Amm Husam ya kira, kuma wannan karon bakinsa ya yi rana. Ya ce ya ga Hadeel ta tsallaka da ƙyallen da take yi wa ado da jan zare. Ta shiga ta ce gidansu ba haske, Ubaida na barci, yatsunta kuma sun ƙage ba ta iya riƙe allura. Ta kunna fitila, ta kunna daffaya, ta ja kujera ta zauna ta hau ɗinki. Tsohuwar ta matso da ƙafafunta. Ya ce har ya sauko bai ji sun yi magana ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan suka zama uwa da 'ya. Akwai Asabar ɗin da aka kashe ɗan kawun Hadeel, ba ta tsallaka ba, Ubaida ne ya dogara sandunansa ya je ya zauna. Akwai ranar da magana ta kai su ga tarihin ƙasar can, kowacce ta faɗi abin da aka faɗa mata tun tana yarinya, muryoyi suka tashi har ƙasa ana ji. Hadeel ta ce ita ba ta yafe ba kuma ba za ta yafe ba, tsohuwar ta ce ba ta roƙe ta ta yafe ba. Wutar dai ba wanda ya kashe.

Mun sani, 'yan'uwa, fahimtar juna ba ta tsayar da jirgin yaƙi ba, ba ta tono Eman daga ƙarƙashin gini ba, kuma ba za ta zauna a madadin adalci ba. Wanda aka zalunta yana nan da hakkinsa. Amma a benen nan mutum biyu sun kusa cutar da juna a kan abin da kowannensu ya fassara ba daidai ba, kuma da ba a sami wanda ya san ɗakunan biyu ba, da haka za a rabu, kowa da tabbacinsa cewa ɗayan ba mutum ba ne.

Ke ce, Hajja Fatna, uwar tsakanin ƙofa biyu. Ke ce ba ki ce wa mai kuka ta yi shiru ba, ba ki ce wa mai tsoro tana da gaskiya ba. Kin san inda ake kawaici, kin kuma san inda kawaici ke zama cuta. Mun gode, mun gode. Allah ya saka miki da gidan da babu matakala a cikinsa, ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya ji ƙan iyayenki da suka rene ki haka. Mu kuma da ke zaune a garin mutane, ɗalibanmu na Madinat Nasr da matanmu na Faisal, kowa ya duba ƙofar da ke kallon tasa. Kafin ka yanke wa maƙwabci hukunci a kan abin da ka ga ya yi, tambayi me yake nufi a wurinsa. In kuma kai ne ka san ɓangarorin biyu, kada ka yi zamanka.

Sitt Alegra tana nan a gidanta na Abbasiya, ɗan ƙanenta ya bar maganar gidan tsofaffi. An sa wa Ubaida ƙafar roba, yana sauka har bakin titi da kansa. Hadeel tana sayar da ɗinkinta, tana jiran ranar da za a buɗe hanya ta koma Khan Yunis ta nemi uwarta ta binne ta, kuma ta faɗa wa tsohuwar cewa ranar da aka buɗe za ta tafi. Amm Husam yana bakin ƙofarsa. Hajja Fatna tana Faisal a ɗakin ƙasa wurin Shahd, tana renon jikoki, ba ta sake hawa benen ba.